Madugun Jiya da Na'urar Yau a Kan Hanyar Kankiya

Da sunan Allah ake fara kowace tafiya, da shi kuma ake sauka. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, wanda ya yi fatauci zuwa Sham tun kafin aike, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan bayani ne zuwa ga malamai da fatake a kan wani al'amari wanda ya shafi ran matafiyi da dukiyar ɗan kasuwa, watau sha'anin hanyar mota, da sababbin na'urorin da ake tsare ta da su, da dalilin da ya sa na'urorin nan ba su yin albarka sai a hannun jama'a masu haɗin kai.

A farkon shekarar 1851 wani Bature Bajamushe mai suna Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarimu, ya tashi daga Katsina ya nufi Kano. Ya bi ta Kusada, bai shiga ƙofar Kano ba sai a rana ta huɗu. Yau kuwa tafiyar nan ta wajen kilomita 170, wanda ya tashi daga Katsina da hantsi yana iya sallar Azahar a Kano. Hanyar ta ratso Caranci, ta shiga Kankiya, ta wuce Gidan Mutum Ɗaya a ƙasar Kusada, inda hanyar Funtuwa da Malumfashi ta zo ta same ta, sa'an nan ta bi ta Tsanyawa da Bici ta faɗa Dawanau. Daga Kankiya kuma ga hanyar Dutsin-Ma, ga ta Ingawa. Wanda ya zauna bakin titi ko da na sa'a ɗaya ne, zai ga manyan motoci da lodin hatsi, da na shanu, da ƙananan motocin fasinja, a cikinsu har da almajirai masu tafiya neman karatu.

Amma fa saurin nan ya zo da nasa haraji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa haɗarin hanya yana cin ran mutum kusan miliyan 1 da dubu 190 a duniya kowace shekara. Babu gari a bakin titin nan wanda bai taɓa yin jana'izar matafiyi ba.

Fasali a kan tsarin ayari

Mutanen da ba su taɓa barin tafiya a hannun mutum guda ba. Fataken Gwanja, irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda da yawansu suka zauna a garuruwan da ke tsakanin Katsina da Kano, suna ɗaukar tufafi da kanwa da fata su kai Salaga, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni. Ayari yana da madugu, shi ne uban tafiya, shi ke daidaitawa da sarakunan hanya a kan kuɗin fito da na wucewa. Yana da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki, da malami mai riƙe lissafi da limanci. Madugu ya san rijiyar da ta ƙafe, da kogin da ya kawo, da dajin da 'yan fashi suka tare, da zangon da za a kwana. Wannan sani kuwa ba a cikinsa aka haife shi ba. Ayari mai dawowa shi ke ba mai tafiya labari a zango, kowa ya zuba abin da ya gani, har ya taru ya zama taskar jama'a.

Shari'a ma haka ta so. Sunna ta umarci matafiya su naɗa shugaba ko da su uku ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaje, ya lissafa gyaran kasuwanni da hanyoyi da gadoji da kula da masu sana'a a cikin abin da ke wuyan shugaba. Ashe ke nan tsaron hanya tsohon wajibi ne a ƙasar Katsina.

Fasali a kan zuwan dogo da mota

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. A 1929 dogo ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda. Gyaɗa da audugar ƙasar Katsina suka koma neman tasha, lori ta karɓi aikin jaki da takarkari. Ayari ya watse, kowace mota ta zama ayarin kanta, direba shi ne madugu, shi ne jagaba. Sauri ya ƙaru, tsari ya ragu.

Masu mota ba su daɗe ba suka gane tsintsiya ɗaya ba ta shara. A 1937 masu motocin haya na Kudu suka yi yajin aiki saboda kuɗin lasisi da gwamnatin Turawa ta ninka musu don ta kare cinikin jirgin ƙasa, har gwamnati ta sassauta. A ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, a rana ɗaya, abin da ba ya yiwuwa sai an karantar da direbobi tasha tasha. A 1978 aka kafa ƙungiyar direbobi ta ƙasa, wadda aka fi sani da NURTW. A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Bin layi a tasha, da yanke kuɗin mota, da ajiye kayan mantuwa, da sulhu tsakanin direba da fasinja, duk sun koma hannun ƙungiya. Watau rawanin madugu ya faɗa kan shugaban tasha, ko ya sani ko bai sani ba.

Fasali a kan hanya mai basira

A ƙasashen da suka yi nisa, masana sun haɗa ilmin kwamfuta da na sadarwa da sha'anin hanya, suka kira abin sufuri mai basira. Ma'anarsa a taƙaice ita ce mota da titi da ofishin masu tsaro su riƙa ba juna labari a kan lokaci.

Na farko shi ne sanin wuri. Amurka ta harba taurarin ɗan'adam, ba su kasa 24 ba, suna kewaya duniya a nisan wajen kilomita 20,000, aikinsu ya kammala a 1995. Kowane yana aiko da saƙo ɗauke da lokacin da ya tashi. Wayar hannu, ko 'yar na'urar da aka ɗaura wa mota, in ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta auna jinkirin kowane saƙo ta fitar da inda take. Da haka mai kaya yana zaune a Kusada zai ga motarsa ta wuce Bici ko tana tsaye.

Na biyu na'urar ƙayyade gudu. Ita ana saita ta ne a kan wani adadi, in mota ta kai shi sai ta rage man da ke shiga inji, ko direba ya take totur har ƙasa ba za ta ƙara ba. Hikimar abin a lissafi take. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, kafin direba ya ɗaga ƙafa ya kai ga birki an wuce gida biyu. In kuwa aka ninka gudu sau biyu, filin da mota ke bukata ta tsaya bayan taka birki ninkuwa yake yi sau huɗu. Shi ya sa dokar hanya ta Nijeriya ta yanke kilomita 50 a sa'a a cikin gari.

Na uku danja mai ƙirga motoci ta ba hannun da ya fi cunkoso lokaci, da na'urar ɗaukar hoto mai karanta lambar mota. Na huɗu kiran agaji. A Tarayyar Turai, tun daga 2018, doka ta wajabta sababbin samfuran ƙananan motoci su zo da na'urar da ke kiran masu ceto da kanta in an yi karo, ta gaya musu wurin. Na biyar biyan kuɗin mota da kati ko da waya, ba tare da an riƙe tsaba ba.

Fasali a kan mudu ɗaya a kasuwa ɗaya

Mai karatu zai zaci kamfanoni ne kaɗai suka kawo wannan, ko gwamnatoci. Alhali kuwa akwai na uku a tsakaninsu, watau ƙungiyoyin ma'abota sana'a. A 1909 aka kafa ƙungiyar masana hanyoyi ta duniya a birnin Faris na ƙasar Faransa. A 1930 injiniyoyin zirga-zirga na Amurka suka kafa tasu. A 1948 masu motocin sufuri na ƙasashe suka kafa tasu a Suwizalan. A 1991 aka kafa ƙungiyar ITS ta Amurka da ERTICO ta Turai, musamman don sufuri mai basira, suka yi babban taronsu na duniya na farko a Faris a 1994.

Amfanin waɗannan ɗan kasuwa ya fi kowa saurin gane shi. Kasuwar da kowane mai awo ya zo da mudunsa, ciniki ba ya ƙarewa lafiya. Haka na'ura. In wadda wannan kamfani ya ƙera ba ta jin maganar ta wancan, motar da ta tashi daga wannan gari makauniya ce a wancan. Ƙungiya ita ke tara maƙera da injiniyoyi da masu mota da hukuma a zaure ɗaya har su yarda da ma'auni guda. Wannan shi ne amfani na farko.

Na biyu karantarwa da ba da shaida, kamar yadda malami ke ba almajiri izini bayan ya saurari haddarsa, don a bambanta gwani da mai da'awa. Na uku jarrabawa, gama ƙungiya tana iya gwada abu a gari ɗaya, in ya ɓaci ta faɗa wa sauran kada su yi asara irin ta farko. Na huɗu murya a gaban hukuma. Direba ɗaya in ya ce doka ta yi tsanani, ƙorafi ne. Dubu in sun faɗa da baki ɗaya, shawara ce.

Fasali a kan abin da aka gani a Nijeriya

Misali biyu sun isa. A watan Maris na 2008 aka buɗe layin manyan motocin bas masu hanyarsu ta daban a Ikko, watau Legas. Gwamnatin jihar ba ta kori direbobin da ke kan hanyar ba. Ta jawo ƙungiyarsu ta kafa jam'iyyar gama-kai, ta karɓi rancen banki ta sayi motoci, ita ce ta fara tafiyar da su. Waɗanda da su ne za su yi wa tsarin tawaye, sai suka zama masu shi.

Na biyu na'urar ƙayyade gudu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya ɗaura ta a ran 1 ga Fabrairu 2017, bayan an sha ɗage ranar ana zama da ƙungiyar direbobi da ta masu manyan motoci, watau NARTO, da ta masu ɗaukar direbobi aiki, watau RTEAN. Manyan kamfanoni masu tarin motoci sun fi saurin bi, gama suna da ofis da lissafi da mai tsawatarwa. Mai mota ɗaya kuwa, wanda ke neman ya yi sawu biyu kafin rana ta faɗi, tsadar na'urar ta dame shi, an kuma sha samun wanda ya ɗaura don takarda, sa'an nan ya sa bakanike ya cire mata waya. Jami'in hukuma yana ganin mota na minti ɗaya a shinge. Shugaban tasha kuwa kullum yana ganinta, ya san direbanta, ya san ubangidansa. Dokar da tasha ba ta karɓa ba, takarda ce kawai.

Masana ma ba a rasa su ba. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Nijeriya tun 1958 take. Makarantar koyon fasahar sufuri ta ƙasa tana Zariya tun 1986, tafiyar yini ɗaya ce a je a dawo. Jihar Katsina tana da hukumarta ta tsaron hanya, KASSAROTA. Abin da ya rage shi ne igiyar da za ta ɗaure waɗannan da tashar Kankiya da mararrabar Gidan Mutum Ɗaya.

Fasali a kan rabon Kankiya da Kusada

Kada a ce wannan zance na manyan birane ne. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, mafi yawan kayan aikin suna cikin aljihun direba. Ga abin da reshen ƙungiya zai iya yi ba tare da jiran kowa ba.

Ɗaya, littafin tasha. A rubuta sunan kowane fasinja da lambar wani nasa kafin mota ta tashi, a ɗauki hoton takardar a ajiye a wayar ofis. Ranar da ƙaddara ta faɗa, ba za a bar mutum kwance a asibitin Kankiya ba a san danginsa ba, ba kuma za a bar iyali suna yawon cigiya ba.

Biyu, labarin hanya. Abin da ayari ke yi a zango, yau ana yinsa a zauren WhatsApp. Amma zauren da ba shi da shugaba jita-jita ke cinye shi. Sai ƙungiya ta naɗa amintattu a kowace tasha, su kaɗai ke sanar da cewa gada ta karye, ko tirela ta faɗi ta tare hanya, ko an ga motsin ɓarayin daji a wuri kaza, kowane labari da sa'arsa da sunan mai shi.

Uku, sayayya a tare. Na'urar da ta yi wa mutum ɗaya tsada, in reshe ya saya da yawa a lokaci guda tana sauƙi, a biya kaɗan kaɗan kamar adashi. Ƙungiyar bakanikai kuma ta tura samari su koyi ɗaurawa da gyara, kada a riƙa kai mota Kano saboda 'yar waya ɗaya.

Huɗu, agaji. Lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta kyauta ita ce 122. A rubuta ta a jikin kowace mota, a koya wa 'yan kamasho da yaran mota yadda ake tsayar da jini da yadda ake ɗaukar wanda ya karye, gama su ke riga kowa isa.

Biyar, amanar kaya. Malaman Malikiyya sun ɗora wa mai dakon kayan abinci lamuni fiye da mai dakon sauran kaya, saboda hannu yana saurin kai wa abinci. A ɗauka falke ya ɗora buhunan gero zuwa Dawanau, aka sauke aka ga babu biyu. In akwai rasit na ƙungiya, ga kuma na'urar da ta nuna inda mota ta tsaya da tsawon tsayuwarta, shari'ar da za ta kai ga rantsuwa da ɓacin zumunci sai ta ƙare a ofishin tasha.

Fasali a kan ƙorafi

Wani zai ce ajali ba ya wuce lokacinsa, me na'ura za ta hana? Gaskiya ne ajali na Allah ne. Amma malamai sun haɗu a kan cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, kuma tsare rai yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo don ta kiyaye. Direban da ya yi gudun ganganci da rayukan mutane a bayansa, ba a karɓar uzurin ƙaddara daga gare shi.

Wani zai ce na'ura tana iya mutuwa. Wannan ma gaskiya ne. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda tsaro, har da Dutsin-Ma da Malumfashi da Funtuwa. Na'urar mota tana iya jin taurari a irin wannan hali, amma ba ta da hanyar aika labari gida. A farkon 2023 kuma takardun kuɗi suka yi wuya, aka koma tura kuɗi ta waya, saƙo yana maƙalewa, fasinja na rantsuwa ya biya, direba na rantsuwa bai gani ba. A duka biyun, abin da ya riƙe tafiya shi ne sanayya da amana tsakanin mutanen tasha. Wannan hujja ce ta ƙarfafa ƙungiya, na'ura ta zama baranta.

Na uku ya fi nauyi. Sirrin falke jarinsa ne. Labarin da ke nuna motar wane ta tashi da kaya kaza a sa'a kaza, in ya faɗa kunnen mai kai wa ɓarayi rahoto, makami ne. Saboda haka lalle a san wanda ke riƙe da shi, a ƙayyade masu gani, a hukunta mai fitarwa.

Na huɗu, ita kanta ƙungiya ba ma'asumiya ba ce. An san inda ake karɓar kuɗi kullum ba a ga lissafi ba, da inda shugabanci ya zama abin faɗa, da inda 'yan siyasa suka mayar da tasha rumbun 'yan banga. Madugun da ke cin kuɗin fito ayari ba ya sake binsa. Sharuɗɗan gyara huɗu ne: zaɓe a kan lokaci, karanta lissafi a gaban membobi, rasit ga kowane kwabo, da hukunci ɗaya ga babba da yaro. Biyan kuɗi ta waya ma yana taimako a nan, gama abin da ya shiga asusu yana barin sawu.

Rufewa

Aikin nan yana da rabon kowa. Malamai su sa haƙƙin hanya da hukuncin ganganci cikin karatun zaure da huɗubar Jumma'a, su kuma lura da motar da za su sa almajiransu a ciki. Fatake su daina matsa wa direba ya yi gudu don a riski kasuwa, su fifita motar da ke da rajista a tasha a kan ta bakin hanya ko da ta fi araha, gama arahar ba ta ado. Shugabannin direbobi na Kankiya da Kusada da Ingawa su zauna da sarakunan kasuwa da hakimai da jami'an hanya, su aika wa masanan Zariya da injiniyoyin Katsina goron gayyata. Hanyar da Abdulkarimu ya bi a 1851 tana nan, masu bin ta sun ninka, gudunsu ya ninka. Abin da take nema shi ne madugu mai amana wanda ya iya karanta na'ura.

Allah ya kiyaye matafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu a hanya, ya sa albarka a fatauci, ya zaunar da ƙasar Katsina lafiya. Haza wasalam.